Kirari da Zambo a Filin Wasa: Sharhi kan Bakin Mai Horarwa

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san karo yakan fara tun kafin ƙarti biyu su kama juna. Yakan fara ne sa'ad da makaɗi ya ɗaga murya, ya ambaci sunan ɗan kokowa da na ubansa da na garinsu, ya tuna masa mazajen da ya kayar. Sai tsikar jikin mutum ta tashi, ya zabura ya faɗa fili kamar ba shi ne ke zaune jugum ɗazu ba. Tun 1975 da aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, har zuwa Agadas a ƙarshen 2023 inda Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida, aikin baki bai taɓa rabuwa da aikin damtse ba. Haka abin yake a dambe: da wuya a ambaci Shago ba a ambaci Ɗan Anace ba.

Turawa sun mai da wannan fage ilimi mai zaman kansa, wato nazarin zuciyar ɗan wasa. A 1898 wani masani a Amurka, Norman Triplett, ya lura cewa masu tseren keke sun fi sauri idan suna tare da abokan takara bisa ga in suna su kaɗai. Makaɗanmu sun riga shi sanin cewa ƙarfin ɗan wasa yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon abin da ya ji daga bakin mutane. Tambayar da wannan sharhi ke son yi ita ce: wa muke wa kirari, wa kuma muke wa zambo?

Mai karatu ya tsaya gefen filin motsa jiki na makarantunmu, ko filin ƙwallon unguwa, daga Madawa zuwa Buza har Keita, ya saurara. Yaron da ya gaji, sai a ce yana gudu kamar mace. Wanda muryarsa ko tafiyarsa ta yi laushi, sai a kira shi ɗan daudu, sauran yara su kwashe da dariya. Yarinyar da ta tsere wa maza kuwa, ladarta a ce mata mata-maza, ko a tambaye ta wa zai aure ta da wannan ƙwanji. Malamin harshe ya san kowace daga cikin waɗannan jimloli tana ɗauke da hukunci biyu. Wanda ya ce wa yaro yana gudu kamar mace ya zagi yaron, ya kuma shaida wa dukan ƴan matan da ke wurin cewa sunansu zagi ne. Wasu masu horarwa suna ɗaukar wannan a matsayin bulalar zaburarwa. Bulala ce da ke korar mai rauni daga fili gaba ɗaya, ta koya wa mai ƙarfi cewa darajarsa tana cikin wulaƙanta wani. Ko mene ne ra'ayin mutum game da daudu, yaro ɗan shekara 13 da aka damƙa wa malami amana ne, kuma ba a riƙon amana da gori.

Abin da ke faruwa a ƙaramin fili ya faru da ƴar ƙasarmu a babban fili. A watan Yuli na 2019, a birnin Lozan, Aminatu Seyni ta yi gudun mita 400 cikin daƙiƙa 49.19, lokacin da ya sa ta cikin mata uku mafi sauri a duniya a wannan shekara. Amma a watan Mayu na shekarar, bayan Caster Semenya ta Afirka ta Kudu ta faɗi ƙara a kotun wasanni, wata doka ta hukumar guje-guje ta duniya ta fara aiki. Dokar ta shafi matan da aka haifa da wani bambanci na halitta mai sa sinadarin testosteron ya yi yawa a jininsu: sai sun sha magani sun sauko da shi ƙasa da nanomol 5 a kowace litar jini kafin su yi tseren mita 400 zuwa mil guda. Dokar ta rufe wa Aminatu tseren da ta fi ƙwarewa a kai, sai ta koma mita 200. A 2022 ta ci zinariyar Afirka a wannan tsere a tsibirin Moris, sannan a gasar duniya ta birnin Yujin a Amurka ta zo ta huɗu da daƙiƙa 22.12, tazarar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa tsakaninta da tagulla. A watan Maris na 2023 hukumar ta faɗaɗa dokar zuwa kowane tsere, ta kuma rage ma'aunin zuwa 2.5. A 2025 ta ƙara da gwajin ƙwayar halitta ga duk mai son shiga rukunin mata a gasar duniya.

Adalci ne a faɗi hujjar hukumar. Ta ce an ware rukunin mata ne don su samu damar cin nasara, kuma testosteron yana ƙara tsoka da sauri. Wannan magana ce mai nauyi. Sai dai binciken 2017 da aka jingina dokar farko da shi, mujallar da ta buga shi ta fitar da gyara a 2021, inda marubutan suka yarda bai tabbatar da cewa sinadarin ne sanadin fifikon ba. Kuma sunayen da dokar ta fi taɓawa a bainar jama'a na ƴan Afirka ne: Semenya, Francine Niyonsaba ta Burundi, Margaret Wambui ta Kenya, Christine Mboma ta Namibiya. Mata ne da aka haifa mata, aka raɗa musu sunan mata, suka tashi mata. Ba su sha wani haramtaccen abu ba. Wannan shari'a ba a Babankatami za a yanke ta ba. Abin da ke hannunmu shi ne yadda muka karɓi labarin. A tambayi yaro a tasha wa ya ɗauki takobi, zai lissafo. A tambaye shi wace ƴar Nijar ce ta zo ta huɗu a duniya, da wuya ya sani. Inda sunanta ya shigo hira kuma, sau da yawa raɗa kan jikinta ke rigan yabon gudunta.

Abin mamaki, al'adarmu da addininmu sun fi bakinmu ladabi. Malaman fiƙihun Malikiyya sun zauna sun yi nazarin wanda aka haifa da halittar da ta shige duhu, suka ba shi rabin gadon namiji da rabin na mace, kuma da wannan mas'ala ce Muhtasar na Shehu Halil ya rufe. Sun ɗauki bambancin halitta a matsayin batun haƙƙi, yaranmu kuwa sun mai da kalmar abin jifa. Game da ƙarfin mace kuma, duwatsun Adar shaida ne. A aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka soma a 1984, mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar dutse da haƙar rami, maza sun tafi cin rani. Babu wanda ya ce ƙwanjinsu abin kunya ne. Ƙarfin mace yakan zama laifi ne kawai ranar da ta yi amfani da shi don ta zo ta ɗaya.

Gyaran yana farawa daga horon masu horarwa. Cibiyar matasa da wasanni ta ƙasa da ke Yamai, wadda ke yaye malaman motsa jiki, ta cancanci ta ba darasin magana da ɗan wasa irin muhimmancin da take ba darasin tsoka da numfashi. Mai horarwa ya gyara kuskuren ƙafa ko na hannu ba tare da ya taɓa mutuncin mai su ba. Ya hana gori a filinsa kamar yadda alƙalin kokowa ke hana kamun da doka ta haramta. Ya riƙe sirrin lafiyar yarinya tsakaninsa da iyayenta da likita. Ya je gidan iyayen yarinya mai gudu tun kafin maganganun maƙwabta su riga shi zuwa.

Makaɗan zamani su ma suna da bashi a wuyansu. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, ba su kuwa ce gwani namiji kaɗai ba. Ranar da yarinya a Babankatami ta ji ana wasa mai gudu da sunan mace, za ta san akwai wurinta a fili.