3.4 Ma'aunin Kyautar CBCA ta Littattafan Yara 'Yan Ƙasa da Shekara Bakwai

Majalisar Littattafan Yara ta ƙasar Ostireliya, wadda aka fi sani da CBCA, an kafa ta ne a shekarar 1945, ta kuma fara ba da kyautar gwarzon littafin shekara a 1946. Sai dai ba a keɓe wa yaran da ba su isa shiga makaranta ba rukuni nasu na kansu ba sai a shekarar 2001. Wannan sashe zai duba dalilin da ya sa keɓewar ta dace, da kuma inda ta gaza.

Da farko, kasancewar littafi cike da hotuna ba ya nufin na ƙananan yara ne. Misali, a shekarar 1999 littafin The Rabbits na John Marsden da Shaun Tan ne ya ci kyautar rukunin littattafai masu hotuna. Jigonsa shi ne mulkin mallaka, inda aka siffanta baƙin da suka mamaye ƙasa da zomaye. Wannan alamci ne da sai wanda ya san tarihin zuwan Turawa Ostireliya zai iya warware shi. Yaro ɗan shekara uku zomaye kawai zai gani. Idan aka haɗa irin wannan littafi a gasa ɗaya da wanda aka rubuta domin ɗan yaye, to alƙalai, da yake manya ne, za su fi karkata ga mai zurfin ma'ana.

Littafin Where is the Green Sheep? na Mem Fox da Judy Horacek, wanda aka buga a 2004 ya kuma ci kyautar rukunin ƙananan yara a 2005, ya nuna irin aikin da ke buƙatar ma'auni na daban. Kalmominsa ba su kai 200 ba. Ta fuskar zubi da tsari, an jero tumaki iri-iri, galibi biyu-biyu masu kishiyantar juna, sa'an nan a dawo da tambaya guda game da inda koriyar tunkiya take. Wannan tambaya tana yin aikin da amshi ke yi a waƙoƙin cikin tatsuniya, wato tana ba yaron da bai iya karatu ba damar sa baki. A shafin ƙarshe an sami tunkiyar tana barci. Saboda haka labarin ya ƙare a daidai inda mai reno yake so yaro ya ƙare. Hotunan kuma suna ɗauke da abin da kalmomi ba su faɗa ba, ta yadda yaro zai iya nunawa da yatsa ya ambaci abin da ya gani.

Duk da haka, akwai rauni guda biyu a tsarin kyautar. Na farko, tazarar da ke tsakanin jariri da ɗan shekara shida tana da faɗi ƙwarai. Na farkon launi da amon murya ke jan hankalinsa, na biyun kuwa ya fara bin zaren labari. Rukuni ɗaya ba zai yi wa duka biyun adalci ba. Na biyu, irin wannan littafi ba ya cika sai an karanta shi da babbar murya a gaban yaro, domin a kunne ne ake gane ko amsa-amonsa ya zauna, ko jimlolinsa sun yi wa numfashi tsawo. Hukuncin da aka yanke da ido kaɗai rabin littafin ya auna.

A taƙaice, keɓe rukunin ya hana a auna sauƙi da mudun zurfi, wanda shi ne babban alfanunsa. Amma ingancin littafin ƙaramin yaro yana bayyana ne a lokacin da yaron ya nemi a sake karanta masa, kuma wannan shaida ce da ta kamata alƙalan kowace irin wannan gasa su nema kafin su yanke hukunci.