Rubutun Kan Murfi: Yadda Masu Kai Abinci Ke Ciyar Da Mumbai

Da misalin ƙarfe 9 na safe, a wata unguwa ta bayan garin Mumbai a ƙasar Indiya, wani mutum mai farar hula zai jingine kekensa a gindin bene, ya haye da sauri, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Uwargida ta riga ta san takunsa. Ba doguwar gaisuwa, ba tambayar kwanan yara. Ta miƙo kwanon abinci a cikin jakar yadi, ya karɓa, ya juya. Kafin ƙarfe 1 na rana kwanon nan yana gaban maigidanta a ofis mai nisan kilomita 30 ko 40, bayan ya bi ta hannun mutum uku ko huɗu da ba su taɓa ganin fuskar maigidan ba. Kafin magariba kuma ya dawo hannunta fanko.

Sunan mai wannan sana'a dabbawala. Kada mai karatu ya ji "dabba" ya hango akuya. A bakinsu dabba akwati ne ko gwangwani, a nan kuwa ana nufin kwanon ƙarfe mai hawa-hawa: ƙananan kwanoni uku ko huɗu, an ɗora wani kan wani, an matse su da ƙarfen riƙewa. Shinkafa a ɗaya, miyar wake irin tasu a ɗaya, ganye a ɗaya, 'yar siririyar gurasarsu a na sama. Shi kuma "wala" daidai yake da "mai" ɗinmu na mai shayi da mai nama.

Sana'ar ta faro a shekarar 1890, garin yana amsa sunan Bombay, a hannun wani mutum mai suna Mahadeo Havaji Bachche da abokan aiki kusan 100. Kafin annobar korona sun kai mutum 5,000, suna kai kwano wajen 200,000 kowace ranar aiki. Me ya hana ma'aikaci riƙo abincinsa da kansa? Yana fita tun da sassafe, tukunya ba ta ma hau wuta ba. Jiragen ƙasan birnin kuma suna ɗibar miliyoyin mutane a rana. Wanda ke neman inda zai sa ƙafa ba shi da hannun riƙe kwano. Ga kuma bambancin ci. Wani ba ya cin nama, mabiyin addinin Jain ko albasa da dankali ba ya taɓawa, Musulmi yana son halal. Kowa ya fi natsuwa da girkin gidansa.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: keke, dogon katako mai kama da makara, amalanke, da fenti. Mutum guda yakan bi gidaje wajen 30. Yana rataya kwanonin a ƙahon keke da bayansa da gefensa har keken ya kusa ɓacewa a cikin kaya, kuma ratayar ba ta kai-tsaye ba ce, dole nauyin dama ya yi daidai da na hagu, in ba haka ba kwanar farko za ta kayar da shi. Jerin gidajen a kansa yake. Ya san wanda zai fara da shi, ya san lungun da ke yanke hanya, ya san benen da hawansa ke cin lokaci. Duk wannan lissafi saboda abu guda ne: jirgi ba ya jiran kowa.

A bakin tasha ake haɗuwa. Kowa ya sauke abin da ya kwaso a ƙasa, gefen titi, sai a shiga tantancewa. A nan ne gwanintar take, kuma a kan murfi aka rubuta ta.

Da can zare mai launi suke ɗaurawa. Yanzu 'yan haruffa da lambobi ne da ake zanawa da fenti. Ga misalin da su kansu sukan nuna wa baƙi. A ga VLP, wato kwanon daga unguwar Vile Parle ya fito. Kusa da shi harafin E, alamar wanda ya ɗauko shi daga gida, wanda kuma zai mayar da shi da yamma. A tsakiya lamba 3 babba, wato tashar Churchgate za a sauke shi. Sannan 9 EX 12: mai lamba 9 ne zai karɓa a can, ya kai ginin Express Towers, hawa na 12. Shi ke nan. Ba sunan mai abinci, ba sunan titi, ba lambar waya.

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina, kuma abin da ya fi burge ni shi ne abin da aka ƙi rubutawa. Kowane hannu da kwanon zai bi yana da alamarsa guda, ita kaɗai yake dubawa. Mai lodi a tashar farko ba ruwansa da hawa na 12, lamba 3 yake nema. Mai hawa bene ba ruwansa da Vile Parle sai lokacin komawa. Da yawa cikinsu karatunsu bai yi nisa ba, amma wannan rubutu ba sai an karanta shi ba, hango shi ake yi, kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa a tsakiyar garke. Da an cika murfin da cikakken adireshi, da sai mutum ya tsaya ya duƙa ya karanta. A ninka wannan tsayuwa sau 200,000 a ga ko akwai wanda zai ci abinci kafin la'asar.

Ni dai na taɓa aika kwalin kaya ta hannun wani direba a tasha. Na rubuta suna da unguwa da lambar waya har biyu, da manyan baƙaƙe. Kwalin ya yi kwana huɗu a ƙarƙashin benci, yaran tasha na zaune a kansa suna karta, kowa na cewa ba shi aka ba ba. Rubutu ya wadata. Wanda zai ce nawa ne aka rasa.

Mu koma Mumbai. Kwanonin da za su sauka tasha ɗaya a jera su a katako guda, wajen 40, nauyi ya haura kilo 60. Mutum biyu su ɗaga, su aza wa na uku a ka. Jirgi ya tsaya, tsayuwar da ba ta wuce daƙiƙa 20 zuwa 40. A cikin wannan ɗan taƙi za a kutsa taron jama'a da katako mai tsawon da ya fi mutum, a zura shi a taragon kaya, a haye. Wanda ya yi sako-sako, abincin mutum 40 ya bi jirgi na gaba. Wasu kwanonin sai an canja musu jirgi a mahaɗa irin Dadar, inda manyan layukan dogo biyu suka haɗu; nan ma saukewa da lodin a cikin daƙiƙoƙi ne. Da an isa cikin gari a sake bajewa, a sake tantancewa, yanzu bisa gini da hawa. Daga nan wasu a ka, wasu a keke, wasu a amalanken da mutum uku ko huɗu ke turawa a guje suna ihun a ba da hanya. Sai an gama rabo sannan su zauna su buɗe nasu kwanon. Wajen ƙarfe 2 a bi a kwashe fanko, a juya aikin baya, da alamun nan dai na safe.

To wa ke tafiyar da mutanen nan ba tare da ofis mai sanyi da kwamfuta ba? Sun kasu ƙungiya-ƙungiya, kowace wajen mutum 25, tana riƙe da kuɗinta da abokan cinikinta. Shugaban ƙungiya mukadam suke ce masa, kalmar da ta fito daga Larabci, ita ce muƙaddamin da muka sani a ɗariƙa. Dattijo ne da ya daɗe a kan hanya. Shi ke sa ido wajen tantancewa, shi ke sasanta rigima, shi ke zuwa ba da haƙuri in an yi kuskure. Ba daga kan kujera yake ba da umarni ba, a bakin tasha yake tsaye, hannunsa cikin kwanoni. Kowace ƙungiya tana da mutum biyu ko uku na ko-ta-kwana, saboda ranar da taya ta fashe ko zazzaɓi ya kwantar da wani.

Babu yaron gida a cikinsu. Sabon shiga yakan yi wata shida yana koyo, sannan ya zuba jarinsa ya zama abokin tarayya. Ƙarshen wata a fitar da kuɗin jirgi da na gyara, a raba saura daidai wa daida, tsoho da sabo. Wanda ya san rabonsa na cikin tukunya ba sai an bi shi da tsawa ba. Galibinsu kuma daga ƙauyukan yankin Pune suka fito, mabiya tafarkin Warkari, waɗanda ke ɗaukar ciyar da mutum ibada. Kowa ya san gidan uban kowa. Farar hular nan ma doka ce, akwai tara ga wanda ya zo babu ita, haka ga wanda ya sha giya a bakin aiki. Da ita uwargida ke gane wanda za ta buɗe wa ƙofa, da ita suke hango juna a cikin cunkoso.

Inda na fi so 'yan kasuwarmu su lura shi ne zamansu da abokin ciniki. Ba kowace buƙata suke amsawa ba. Gidan da ya mayar da makara ɗabi'a, a yi masa magana. In bai daina ba, a sallame shi, domin minti biyar ɗinsa na iya sa mutum 29 su ci abinci a makare. Wanda ya zo da kwano mai siffar da ba za ta zauna a katako ba, sai dai ya canja ko ya ƙara kuɗi. A ganina wannan ya fi murmushin "ba komai, Alhaji" da ake yi wa mai ciniki a ranar karɓar aiki, sannan ranar alkawari ya tarar da shago a rufe. Su abu ɗaya suka ɗauka, abinci a kan lokaci, duk abin da zai taɓa shi kuwa sun yanke shi.

Kuskure a aikinsu abin labari ne, har fim ɗin The Lunchbox na 2013 an gina shi ne kan kwano ɗaya da ya ɓata hanya. A 2010 Farfesa Stefan Thomke na makarantar koyon kasuwanci ta Harvard a Amurka ya rubuta nazari a kansu don koyar da ɗalibai. Kullen korona na 2020 ya yi musu mummunar illa, jirage suka tsaya, ofisoshi suka rufe, da yawa suka koma ƙauye, kuma cinikin bai koma yadda yake ba. Waɗanda suka rage suna nan a bakin tasha da hulunansu.

A 2003 Yarima Charles na Ingila, wanda yanzu shi ne sarki, ya so ganinsu. Ba su je masaukinsa ba. Shi ya zo bakin tashar Churchgate, a lokacin da suka tsayar masa, saboda kada abincin jama'a ya makara. A 2005 da zai yi aure ya aiko musu da gayyata, mutum biyu daga cikinsu suka tafi Ingila biki.