Kalmar "Dummy" da Matsalar Fassara Kalma da Kalma

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kurakuran da suka zama ruwan dare a aikin fassara akwai haɗa kalmar Ingilishi da kalmar Hausa guda ɗaya tak, kamar an ɗaura musu aure. Manufar wannan maƙala ita ce nuna illar wannan ɗabi'a ta hanyar nazarin kalmar *dummy*, wadda ɗalibai da dama ba su san ta da wata ma'ana ba sai "wawa".

2.0 Asali da Yaɗuwar Ma'ana

Kalmar ta samu ne daga sifar nan *dumb*, wato "bebe", da ɗafa-ƙeyar *-y*. Ta bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 16 da ma'anar mutumin da ba ya magana, ko da yake a yau masu Ingilishi na ɗaukar kiran bebe da ita cin fuska ne. Daga nan ta yi rassa kamar haka:

a. mutum-mutumin da tela ke rataya wa tufafi, ko wanda ake zaunarwa cikin mota don gwajin haɗari;
b. robar da ake sa wa jinjiri a baki ya tsotsa, a Ingilishin Ingila;
c. a wasan karta na *bridge*, ɗan wasan da ya baje kartarsa a fili, abokinsa ke buga masa;
d. a ƙwallo, yin kamar za a buga don a yaudari abokin karawa;
e. a maɗaba'a, samfurin littafi kafin a buga shi;
f. a ilmin ƙididdiga, alamar 0 ko 1 mai wakiltar rashin wani hali ko samuwarsa.

Idan aka lura, zare ɗaya ne ya ɗinke waɗannan duka: abu ya tsaya a gurbin wani, yana da siffarsa, amma ba shi da muryarsa ko aikinsa. Robar jinjiri kan nono ce da ba ta kawo nono. Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba wane ba ne. Ma'anar "wawa" reshe ɗaya ce kurum. Ko jerin littattafan *For Dummies*, da aka fara bugawa a Amurka a 1991, raha ake yi da mai karatu ɗan koyo. Wanda ya fassara sunan da "Don Wawaye" ya mai da raha zagi.

3.0 A Fagen Nahawu

A nan ne kuskuren ya fi muni, domin malamin da ya ɗauke shi zai shuka shi a aji. Masana nahawu na kiran *it* da ke cikin *it is raining* da wannan suna, saboda ba ya nuni ga kowa. Ya zo ne don jimlar Ingilishi ba ta tsayuwa ba aikau. Hausa ma tana da irinsa. Dubi waɗannan:

1. Binta ta tafi.
2. Ya kamata Binta ta tafi.

A (1), *ta* ta dace da Binta a jinsi. A (2) kuwa, *ya* bai koma *ta* ba, alhali maganar mace ake yi. Kuma ko an ce "yara su tafi" ba zai koma *sun* ba. Ashe *ya* ɗin nan ba ya wakiltar kowa, gurbi kawai ya cike. Kiran sa "wawan wakilin suna" ba zai fahimtar da ɗalibi kome ba. Abin da ya fi dacewa shi ne "ɗan cike-gurbi".

4.0 Kammalawa

An ga cewa *dummy* na bukatar fassara daban a kowane muhalli: mutum-mutumi, robar tsotso, yaudara, samfuri, ɗan cike-gurbi. Saboda haka wajibi ne masu tsara ƙamus su riƙa kawo kowace ma'ana da jimlar misali, masu fassara kuma su tambayi jimla kafin su tambayi ƙamus.