Arzikin Birni da Bunƙasar Adabi: Mancesta da Kano a kan Ma'auni

Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya sami gindin zama a tsakanin manazarta, wato duk birnin da masana'antu suka haɓaka a cikinsa, to adabi da fasaha za su biyo baya. Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne Mancesta ta Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya (1837-1901). Manufarmu a wannan takarda ita ce mu gwada wannan ra'ayi a kan Kano da ƙasashen da ke ciyar da kasuwarta, kamar masarautar Gumel.

Mancesta

Babu shakka kuɗin auduga sun yi aiki a can. A 1852 aka buɗe ɗakin karatu na kyauta, a 1857 aka yi gagarumin baje kolin zane-zane, a 1858 kuma Charles Hallé ya kafa ƙungiyar makaɗansa. Sai dai littafin Elizabeth Gaskell, Mary Barton (1848), ba yabon masu masaƙu ya yi ba. Wahalar leburorinsu ya bayyana. Ashe ke nan masu dukiya sun gina zaure, amma kukan talaka aka saurara a ciki.

Kano

Jirgin ƙasa ya fara jigila zuwa Kano a 1912, kuma a 1930 aka kai reshensa Nguru ta Gagarawa, inda ya riƙa kwasar gyaɗar wannan yanki. Dalar gyaɗa ta tashi, daga baya masana'antu suka cika Bompai da Sharaɗa. To amma ina littattafan? Ƙagaggun labaran farko, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, gasar 1933 ce ta haife su, kuma hukuma ce ta shirya ta a Zariya. Dukiyar attajirai ta fi karkata ga masallatai da malamai da mawaƙan baka.

Abin mamaki, adabin kasuwar Kano ya yi tashe ne daidai lokacin da masana'antu suka fara durƙushewa, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. A ganinmu dalilin a fili yake. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin matasa, musamman mata, masu iya karanta boko. Da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka koma ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu ɗan kasuwa ya tuhuma kan wulaƙanta uwargidansa, In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa ya soki auren kuɗi. A nan ne kaɗai Kano ta yi kama da Mancesta: a biranen biyu alƙalami ya juya kan mai dukiya.

Kammalawa

Saboda haka ra'ayin da muka faro da shi yana da rauni. Mai karatu shi ne jarin adabi, dukiya kuwa sai an bi da ita ta hanyar makaranta da ɗakin karatu. Wannan ya shafi arewacin Jigawa kai tsaye. Kasuwar dabbobi ta Maigatari na tara dukiya da harsuna daga Nijeriya da Nijar, Gumel na da kwalejin horar da malamai, ga kuma waƙoƙi da tatsuniyoyi a ƙauyukan Sule Tankarkar suna jiran mai rubutawa. In ba a haɗa ukun nan ba, arzikin zai wuce kamar yadda gyaɗa ta wuce, bai bar ko shafi guda ba.