Kama Da Wane Ba Ta Wane: Sharhi Kan Kiɗan Mafarki Da Ake Jingina Wa Tonawa

Gabatarwa

A wani shagon cajin waya da tura waƙoƙi, kusa da kasuwar Tunga a nan Minna, na fara jin kiɗan da wannan sharhi zai yi magana a kansa. Sauti ne mai sanyi, mai tafiya a hankali kamar hazo, babu waƙa a cikinsa, babu wurin da ya hau balle ya sauka. Mai shagon ya ce mini daga intanet ya sauko da shi, sunansa kuma kiɗan daular Ashanti. Na karɓa na saurara har tsawon sa'a guda. Ban musa daɗinsa ba. Sunan ne ya tsaya mini a rai, domin Ashanti ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Su ne Tonawan da fatakenmu suka yi ta sayen goronsu a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, kuma har gobe akwai zangon Hausawa a Kumasi. Manufar wannan sharhi ita ce a auna ko kiɗan ya cancanci sunan da aka laƙaba masa.

Asalin Kiɗan Yanayi

Irin wannan kiɗa Turawa ke kira ambiyent, mu kuwa za mu kira shi kiɗan yanayi. Wanda ya raɗa masa suna shi ne Brian Eno, mutumin Ingila, a faifansa na 1978 mai suna Music for Airports. Ya bayyana cewa kiɗa ne da mutum zai iya saurara in ya so, ya kuma iya mantawa da shi in ya so, tamkar turaren wuta a ɗaki. Daga baya aka sami reshensa na mafarki, wanda ake tsarawa don ya kai mai sauraro wata ƙagaggiyar duniya ta sarakuna da aljanu, ana saka shi lokacin karatu ko barci ko wasannin kwamfuta. Da dazuzzukan Turai suka gundure su, sai masu tsara shi suka waiwayo Afirka suna neman sunaye.

Ganga Mai Magana

Matsala ta farko tana cikin ɗabi'ar kiɗan Tonawa ita kanta. Harshensu, wato Twi, harshe ne mai karin sauti kamar Hausa. Saboda haka gangunansu na atumpan, waɗanda ake kafawa biyu, namiji mai kauri da mace mai zaƙi, magana suke yi. Makaɗin, wanda suke kira okyerema, yana jero sunayen sarakunan da suka shuɗe, yana kawo karin magana, yana kiran mutane da takensu. Bahaushen da ya taɓa jin kalangu ya kira mahauci, ko ya ji kakaki na gaishe da sarki, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Shehun malami J. H. Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019, ya yi cikakken nazarin wannan a littafinsa na 1963 kan kiɗan ganga a tsakanin al'ummar Akan.

To, a kiɗan da na saurara akwai ganga, amma bebiya ce. Ana taɓa ta jefi-jefi daga nesa, an lulluɓe ta da amsa-kuwwa, ba ta kiran kowa. Nan ne saɓanin yake. Kiɗan yanayi an yi shi ne don a iya kau da kai daga gare shi, atumpan kuwa an yi ta ne don kada kowa ya kau da kai. Wanda ya haɗa su dole ya kashe ɗaya, kuma ganga aka kashe.

Kowane Kiɗa Da Mai Shi

Abu na biyu shi ne, a ƙasar Tonawa kiɗa yana da mai shi, yana da ranarsa. Fontomfrom na manyan sarakuna ne. Kete na fada ne da jana'izar manya. Adowa ana yin ta a wurin makoki, kuma motsin hannun mai rawa saƙo ne da jama'a ke karantawa. Ƙahonnin hauren giwa na ntahera ba a busa wa talaka su. Bikin Akwasidae yana zagayowa duk kwana 42 a fadar Manhyia da ke Kumasi, inda Asantehene Osei Tutu na Biyu, wanda ya hau gado a 1999, yake zama a kai masa gaisuwa. Duk wannan kiɗan taro ne, na ganguna masu sarƙaƙiya da ƙararrawar ƙarfe mai riƙe musu lokaci.

Me na ji a madadinsu? Na ji molon kora na Mandinkawan Gambiya da Senegal da Mali, na ji jembe na Gini da Mali, na ji wani sauti irin na mbira ta ƙasar Zimbabuwe. An kwashe kayan nahiya guda an zuba a ƙwarya ɗaya. Hoton da ke tare da kiɗan ma ya ƙara tona asiri, domin ya nuna wani sarki zaune a kan kujerar zinariya. Duk wanda ya san tarihin Tonawa ya san ba a zama a kan Sika Dwa Kofi, ko Asantehene ba ya zama. Neman ta da Gwamna Frederick Hodgson ya yi a 1900, yana ganin shi ya cancanci zama a kanta, shi ya tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa ta jagoranta.

Aro Ba Laifi Ba Ne

Kada a ɗauka ana cewa kowa ya tsaya a kan kiɗan gidansu. Tonawa da kansu sun ari gangar hammata da suke kira donno, 'yar'uwar kalangu, daga maƙwabtansu na arewa. Mu ma a wannan jiha muna da babban misali. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939. Amma ya narkar da su har suka zama Hausa, ya sa su a bakin aku a fadar da ya ƙaga, bai kuma tallata littafin da sunan adabin Larabawa ko na Jamusawa ba.

A fagen kiɗa ma akwai ma'auni. A 1992 wasu Faransawa biyu masu suna Deep Forest suka fitar da Sweet Lullaby, a faifan da aka tallata da sunan mutanen kurmin tsakiyar Afirka, alhali muryar ta wata mata ce daga tsibiran Solomon, ba a kuma ambaci sunanta ba. A ɗaya ɓangaren, da Ludwig Göransson zai tsara kiɗan fim ɗin Black Panther na 2018, sai ya tafi Senegal ya yi aiki da Baaba Maal da makaɗin tama Massamba Diop. Ƙasar fim ɗin, Wakanda, ƙage ce, makaɗan kuwa na gaske ne. Kiɗan da na ji a Tunga ya juya wannan tsari: sunan ƙasar na gaske, makaɗan na ƙage.

Kammalawa

Hukuncin wannan sharhi shi ne, a matsayin kiɗan mafarki abin ya yi, yana kwantar da rai, kuma wanda ya tsara shi yana da kunne. A matsayin kiɗan Tonawa kuwa bai yi ba. Da ya ƙaga wa daularsa suna, da babu mai tuhumarsa. Illar kuwa ba ƙarama ba ce, domin yaron da ya fara sanin Ashanti ta wannan hanya, ran da ya ji fontomfrom na gaske zai ce hayaniya ce.

Ya kamata kuma mu dubi namu gida. A finafinanmu na sarauta an sha jin kakaki da algaita suna fitowa daga cikin fiyano, babu take, babu kirari, ana busa wa wanda ba sarki ba. In mun saba da haka, ranar da wani a Turai zai tsara kiɗan daular Zazzau ko ta Nupe da kora da jembe, ba mu da bakin magana. Ɗalibin da ke son rubutu ko kiɗa ya ari abin da ya ga dama, amma ya je ya koya, ya ambaci mai kaya, ya kira abin da ya yi da sunansa na gaskiya. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.