Karkatattun Haruffa na Ado da Inda Suka Dace

A shekarar 1501, a birnin Venis na ƙasar Italiya, Aldus Manutius ya buga waƙoƙin Virgil cikin ɗan ƙaramin littafi wanda almajiri zai iya sawa a aljihu, kuma haruffan da Francesco Griffo ya sassaƙa masa domin wannan aiki, maimakon su tsaya a miƙe kamar yadda aka saba, sai suka karkata zuwa dama suna kwaikwayon hannun malaman Florens irin su Niccolò Niccoli, waɗanda saurin kwafar littattafai ya sa alƙalaminsu ya riƙa jingina. Asalin italik ke nan, kuma a wancan zamani da shi ake buga matanin littafi tun daga farko har ƙarshe. Manyan baƙaƙe kuwa a tsaye aka bar su, sai wajen tsakiyar ƙarnin, a zamanin Robert Granjon na Faransa, karkatar da su ta zama al'ada.

Wanda ya shigo da ƙawa cikin sha'anin shi ne Ludovico degli Arrighi, magatakarda a fadar Fafaroma da ke Rum, wanda ya wallafa littafin koyar da rubutu mai suna La Operina a 1522. Daga irin hannunsa ne aka gaji doguwar jelar da ke fita daga harafi tana lanƙwasa kamar ba ta son rabuwa da takarda. Wannan silsila ce ta iso ga Hermann Zapf, Bajamushen da ya zana Zapf Chancery a 1979, da Zapfino a 1998.

To, harafin ado yana da sharaɗi, wanda da yawa daga masu zane ba su kiyaye shi ba. Kyawunsa yana cikin bambancin da ke tsakanin kakkauran layi da siriri, alhali kuwa siririn nan, muddin aka ƙanƙanta harafin, ɓacewa yake yi cikin tawada ko hasken waya, har mai karatu ya koma lalube. Saboda haka muhallinsa shi ne sunan littafi a bango, ko sunan turare a kwalba, ko sunayen ango da amarya a katin gayyata: kalma biyu ko uku, manya, da fili a kewaye da su. Malamanmu masu rubuta Alƙur'ani da hannu sun riga sun san wannan hikima, tun da sukan keɓe sunan sura da jar tawada, haruffan ayoyi kuma su bar su da baƙa.

Israfin da ya fi yawa, a ganina, shi ne a jera kalma gaba ɗaya da manyan baƙaƙe masu jela, kowanne yana shiga haƙƙin maƙwabcinsa, har a kasa bambance ɗaurin aure da walima. Ga mai rubuta Hausa kuma akwai wata mas'ala ta daban, domin akasarin waɗannan haruffa an zana su ne babu ɓ da ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani iri, ka ga ƙugiyar ɗ a tsaye ƙiƙam tsakanin 'yan'uwanta da suka jingina. Mai zanen da ya san aikinsa yakan fara buga kalma irin ɗaurin ko ƙauna ya duba da idonsa, kafin ya karɓi kuɗin mai biki.