Tarken Hujja a Binciken Ta'addanci: Misalin Masana'antar Al-Shifa ta Bahri

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi tarke a kan yadda masu binciken ta'addanci da yaƙin sari-ka-noƙe suke kafa hujja. An zaɓi misali guda daga littafin The Age of Sacred Terror na Daniel Benjamin da Steven Simon, wanda aka buga a 2002, wato matsayinsu game da harin da Amurka ta kai wa masana'antar magunguna ta Al-Shifa. Manufar ita ce ɗalibi ya ga yadda zargi yake rikiɗa ya koma tabbas a cikin rubutu.

2.0 Abin da ya faru

Bahri na ɗaya daga cikin garuruwa uku da suka haɗu a magamar kogin Nilu, tare da Khartum da Umdurman, kuma yana da babbar unguwar masana'antu. A ranar 7 ga Agusta, 1998, 'yan Alƙa'ida suka tayar da bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam, mutum 224 suka rasu. A ranar 20 ga watan, Shugaba Bill Clinton ya sa aka harba makamai masu linzami a kan sansanoni a Afganistan da kuma Al-Shifa a Bahri, aka ragargaza ta.

Babbar hujjar Amurka ita ce ƙasar da wani ɗan leƙen asiri ya ɗebo kusa da masana'antar, wadda aka ce an sami sinadarin EMPTA a cikinta. Da wannan sinadari ake haɗa gubar yaƙi mai suna VX. An kuma kafa hujja da zaman Usama bin Ladan a Sudan har zuwa 1996.

3.0 Tarken hujjar marubutan

Dole a yaba wa littafin. Marubutan sun yi aiki a majalisar tsaron fadar shugaban Amurka a zamanin Clinton, sun kuma nuna da kyau yadda aka raina haɗarin Alƙa'ida kafin harin Satumba na 2001. Sai dai wannan kusanci shi ne rauninsu a batun Al-Shifa, domin suna kare shawarar gwamnatin da suka yi wa aiki ne. Wanda ya yi shari'a ba shi ne zai saurari ɗaukaka ƙara ba.

Rauni na biyu shi ne cakuɗa maganganu uku. Ta farko, Alƙa'ida ta nemi makamai masu guba. Ta biyu, gwamnatin Sudan ta yi hulɗa da Bin Ladan. Ta uku, a Al-Shifa ake haɗa gubar. Biyun farko suna da shaidu, amma ba su haifar da ta ukun ba, alhali ita kaɗai ce za ta halatta harin. Ta ukun ta rataya ne a kan samfurin ƙasa. Bayan harin, lauyoyin mai masana'antar, Salah Idris, sun ɗauki Farfesa Thomas Tullius na Jami'ar Boston ya jagoranci gwajin samfurori daga wurin, ba a sami sinadarin ba. Ana iya cewa wannan gwajin ɓangare guda ne ya biya kuɗinsa. To amma Sudan ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko da masu bincike, ba a aiko ba. A watan Mayu na 1999 Amurka ta saki dala miliyan 24 na Idris da ta riƙe. Rahoton kwamitin binciken harin Satumba, na 2004, shi ma ya nuna cewa ba a sami wata shaida daga waje da ta ƙarfafa zargin ba.

Rauni na uku ya shafi kalmar tsaro. Tsaron wa? Al-Shifa tana yin kaso mai yawa na magungunan Sudan, har da na zazzaɓin cizon sauro da na dabbobi. Nazarin da ya ƙirga barazanar da aka kawar, bai auna halin majinyacin da ya rasa magani ba, ya tsaya ne a rabin hanya. A nan ma sai an yi hattara: tsohon jakadan Jamus a Sudan, Werner Daum, ya ƙiyasta cewa dubban mutane sun mutu saboda rashin magani, amma ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. Ma'aunin da aka ɗora wa hujjar Amurka shi za a ɗora wa ta masu sukarta.

4.0 Darasi ga ɗalibin harshe

Hausa tana da kalmomin da suke nuna nisan mai magana daga labari, kamar "wai" da "an ce" da "ana zargin". Dubi bambancin "wai ana haɗa guba a masana'antar" da "ana haɗa guba a masana'antar". Kalma ɗaya ta faɗi, zargi ya zama hukunci. Haka kuma kalmar "alaƙa" tana iya nufin ciniki ko maƙwabtaka ko haɗin baki, don haka mai fassara ya tambayi kansa wacce ake nufi kafin ya rubuta.

5.0 Kammalawa

An ga cewa littafin yana da amfani wajen fahimtar Alƙa'ida, amma hujjarsa a kan Al-Shifa ba ta kai matsayin tabbas ba. Kotunan Amurka ba su taɓa auna shaidar ba, domin a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta kori ƙarar Idris bisa cewa batun na siyasa ne. Saboda haka, duk wanda zai yi nazari ko fassara a wannan fage, wajibi ne ya bar "wai" a inda take har sai an kawo shaidar da za ta cire ta.